Daga Wusasa zuwa Gindiri, neman abin da magabata suka bari

Shekaranjiya da daddare muka sauka gida, kuma gara in rubuta wannan tun abin yana da ɗumi. Mu huɗu dattawan ikkilisiyarmu suka tura, mu zaga tsofaffin tashoshin mishan mu gano abin da ya sa wasu ayyukan suka doshi shekara ɗari suna tsaye, alhali namu ɗakin shan maganin bai cika goma ba aka garƙame shi da kwaɗo.

Wusasa muka fara, can bayan ganuwar Zariya a gindin dutse. Likita Walter Miller na ƙungiyar mishan ta CMS ya zauna cikin birni tun 1905, a Durumin Maigarke, kafin aikin ya koma Wusasa. Na zo da tunanin ganin babban gini irin na Turawa, sai ga majami'ar St. Bartholomew ta 1929, ginin ƙasa irin na Hausa, bango mai kauri, ciki da sanyi kamar an shiga randa. Tamu majami'ar ta bulo da kwano, kafin a kai ga wa'azi kowa ya jiƙe sharkaf.

Wani dattijo magini ya same mu muna shafa bango, ya tsaya ya yi mana karatu. Ya ce, "Samari, ginin ƙasa ba ya tsufa, sakaci ne ke kashe shi." Ga yadda ya jero mana. Ana cuɗa jar ƙasa da ciyawa, a bar ta ta kwana biyu tana ruɓa kafin a mulmula tubali. Bango yakan fara da faɗi a ƙasa, yana sirancewa yana hawa. Azara ta giginya ce, namijin, don gara ba ta cinsa, kuma ba a shimfiɗa ta fiye da ƙafa shida babu abin tallafi, in ba haka ba ta lanƙwashe da nauyin rufi. Shi ya sa ɗaki mai faɗi sai an ɗaura masa bakan gizo. A saman soro ana shafa laso, wato katsin marina da gashin jima da dafara, bango kuma a yi masa makuba ta ɓawon ɗorawa. Indararo dole ya zarce bango sosai, in ya gajarta ruwa ya riƙa zuba a gindin gini yana cinsa. Duk shekara kafin ruwan fari sai an hau an duba tsaga an toshe. Babban kuskure, in ji shi, shi ne yaɓa siminti a kan ƙasa: ba sa kama juna, ruwa ya shiga ta tsaga ya kasa fita, waje ya yi kyau ciki yana narkewa, rana ɗaya a ga yaɓen ya ɓare gaba ɗaya. Na tambaye shi, "Baba, wa zai riƙe wannan aikin bayanku?" Ya nuna wasu yara biyu da ke riƙe masa kwando. Ya ce ba a koyar da gini da baki, sai yaro ya yi damina uku yana miƙa tubali.

To, amma ginin ba shi ne ainihin gadon Wusasa ba. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma Miller ne kan gaba a fassarar. Daga makarantar mishan ɗin nan aka sami Dakta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Janar Yakubu Gowon ma a nan ya tashi. Ƙauye ɗaya ke nan. Mu kuwa kuɗin da muka ware wa makarantar Lahadi bara bai kai na fentin ƙofa ba, ni ma ina wurin aka yanke.

Wata tsohuwa 'yar zumuntar mata ta sauke mu. Tuwon dawa da miyar kuka, ruwan wanka mai ɗumi, tabarmar baƙo daban. Da safe muka haɗa 'yan kuɗi za mu ba ta, sai ta ɓata rai. "Haba 'ya'yana, yaushe aka fara sayar da masauki? Ku sa a baiko." A wajenmu baƙon ikkilisiya sai an yi zaman kwamiti kafin a san inda zai kwana.

Hanyar Jos ta Pambeguwa da Saminaka ba abin faɗi sai shingaye. A wani shingen, jami'i ya sa muka sauke kaya kaf, ya ɗaga Littafin Waƙoƙi yana kaɗawa kamar kuɗi za su zubo, ko amsa gaisuwa bai yi ba. Direbanmu ya ce kada kowa ya tanka, haka aka yi, bayan rabin sa'a ya gaji ya sake mu.

A Vom, inda Likita Percy Barnden na ƙungiyar mishan ta SUM ya fara asibiti a 1922, mun zauna da wata nas da ta yi ritaya bayan ta zaga asibitocin mishan da dama. Mama ba ta da kwana-kwana. Ta ce kyautar na'ura ita ce ta fi yaudarar ikkilisiya: a kawo ta da biki, wata shida wani ɗan ƙarfe ya ƙone, babu irinsa a ƙasar, babu wanda aka koya wa gyara, sai ta zama wurin ajiye fayil. Kafin a karɓa a tambayi abu uku: wace irin wuta take ci, ina ake samun kayan gyaranta, wa zai koyi sarrafa ta. Kuɗin magani kuma a ware masa asusu dabam, abin da aka sayar a sake sayo magani da shi. Ranar da aka ranci kuɗin nan aka biya albashi, kantar magani ta fara bushewa ke nan. Muka kalli juna, don daidai abin da ya kashe namu ta faɗa.

A hanyar Mangu muka tsaya sayen dankalin Turawa. Abin da ake ba mu ɗan kwando a gida, nan ya kusa cika rabin buhu, matar kuma ta yi mana gyara ba mu roƙa ba. Sai dai kuɗin mota ya cinye ribar.

Makarantar mishan ta SUM a Gindiri aka buɗe a 1934 don horar da masu bishara da malaman makaranta. Ɗalibi yakan zo da iyalinsa, a ba shi gona, matarsa ma ta shiga aji, don in ya koma ƙauye ya ci da kansa ba sai ya jira albashi daga Turai ba. A 1938 aka naɗa fastoci uku na farko 'yan ƙasa na wannan mishan: Toma Tok Bot, Bali Falang da David Lot. Ikkilisiyar COCIN daga wannan tushen ta fito. Makarantar makafi ta 1953 tana nan, mun ga yaro yana karatu da yatsa, ɗigo shida kacal ake jujjuyawa a fitar da kowane harafi.

Miango muka ƙarasa, ga sanyi ga gajiya. Maƙabartar ma'aikatan ƙungiyar mishan ta SIM kawai muka shiga. Duwatsun ƙanana ne, suna da shekara da aya ɗaya, da yawansu na yara. Ba mu daɗe ba, hadari ya taso, direba yana ta danna oda.

Ranar Asabar za mu ba dattawa rahoto. Mun riga mun yarda mu huɗu cewa za mu nemi a dakatar da allon marmara na sunayen masu bayarwa, a fara tura yara biyu makarantar koyon jinya.