Motar 'Yan Makaranta da Kuɗin da Ke Tafiyar da Ita

Na riƙe muƙamin sakataren kwamitin al'umma mai kula da gudanar da makaranta (SBMC) a wata sakandaren 'yan mata ta gwamnati, kuma a hannuna aka bar lissafin motar safa da gwamnatin jiharmu ta ba mu domin jigilar ɗalibai. Tsarin ba baƙo ba ne a Arewa, domin Kano ta yi suna da motocin ɗalibai mata tun zangon mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, daga 2011 zuwa 2015, kuma iyaye da yawa sun fi sakin jiki da karatun 'ya mace idan sun san motar da za ta kai ta, ta kuma dawo da ita.

Aikin ya koya mini cewa kasafin kuɗin gwamnati gida biyu ne. Sayen mota yana cikin manyan ayyuka, waɗanda ake yi sau ɗaya a yi bikin miƙawa, amma man dizal da albashin direba da kwandasta da tayoyi da baƙin mai da kuɗin bakanike duk suna cikin ayyukan yau da kullum, kuma tamu motar ta iso ba tare da an ware mata ko sisi a wannan gida na biyu ba. Duk sa'ad da wani abu ya lalace sai mu rubuta takarda ta bi ofis-ofis, motar kuwa tana fake a harabar makaranta.

Dizal ya riga ya yi tsada tun 2022. Da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, abin bai taɓa tankinmu kai tsaye ba, tunda dama babu tallafi a kan dizal, sai dai kuɗin adaidaita sahu ya tashi, ɗaliban da ke hawansa suka dawo kanmu. Dole muka tsayar da wuraren ɗauka, muka fifita na unguwanni masu nisa. Wasu iyaye sun ba da shawarar a riƙa karɓar kuɗin mota, ni kuwa ban goyi baya ba, domin dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta mayar da karatu kyauta har ƙarshen ƙaramar sakandare, kuma 'yar talakan da aka sayi motar dominta ita ce za ta fara sauka.

Abin da ya yi mana amfani shi ne littafin da muka buɗe, inda direba ke rubuta nisan tafiya da man da aka sha da yawan ɗalibai kowace rana. Da shi muka fitar da kuɗin shekara guda, muka miƙa buƙatarmu tun ma'aikatu suna tsara kasafinsu, kafin gwamna ya gabatar wa majalisar dokoki a ƙarshen shekara, sannan muka kai kwafi ga ɗan majalisar mazaɓarmu domin ya tayar da maganar a zaman kare kasafi.