Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Tsibirin Gberefu

A makon jiya mun tsaya inda Kawu ya gama sayar da shanun Babbar Sallah a kasuwar shanu ta Oko-Oba da ke Ikko, ciniki ya yi albarka, har wani abokin huldarsa Bayerabe mai kamfanin nama ya ce lallai sai ya fitar da mu shan iska a jirgin ruwa. Ni da jin haka gabana ya faɗi. Mutumin Daura ne ni, ruwan da na sani bai wuce na rijiya da na kududdufin damina ba.

Na ce, "Kawu, da dai an bar ni na tsare turke."

Ya ce, "Kai ɗan nan, kana zaune a Ikko kana gudun ruwa? Ɗauko buta da darduma mu tafi."

Daga tashar jiragen ruwa ta Falomo muka tashi da hantsi, kowa an ɗaura masa rigar nan mai hana nutsewa. Muka wuce Apapa da Tin Can, inda jiragen dakon kaya ke tsaye da kwantenoni jibge a kansu, sannan muka miƙe yamma ta mashigin da ke kai wa Badagry. A Ilashe muka ɗan yada zango, wurin da masu hannu da shuni suka killace bakin teku suka gina gidajen hutawa, ba a zuwa sai ta ruwa. Maigadin gidan da muka sauka ɗan Tawa ne ta Nijar. Da ya ji Hausa a bakinmu ya rasa inda zai sa mu don murna, nan da nan ya ɗora shayi. Wurin yana da kyau, ba musu, amma kyan da aka kewaye da katanga bai cika zama mini a rai ba.

Badagry ce ta riƙe ni. An nuna mana benen da 'yan mishan suka gina a 1845, wanda ake cewa shi ne na farko a Najeriya, da ɗakunan Seriki Abass inda ake tsare bayi kafin jirgi ya iso. Ɗakuna ne ƙanana, iska sai ta wata 'yar kafa can sama. Daga nan aka tsallaka da mu zuwa tsibirin Gberefu, wanda ke kwance tsakanin mashigin da tekun Atlantika.

A nan tafiyar ƙasa ta fara. Hanyar rairayi ce zalla, ga rana ta take. Takalmin soso na sa, ƙafa tana nutsewa, in ka cire kuma rairayin ya gasa ka. Hagu da dama itatuwan kwakwa ne da ciyawa mai kaifi, jefi-jefi bukkar masunta 'yan ƙabilar Egun da taru a shanye. Wata tsohuwa ta fasa mana ɗanyar kwakwa muka sha. Kawu, da yake ya saba bin shanu tun yana yaro, ya yi gaba abinsa, babbar riga a kafaɗa. Mai kamfanin nama kuwa tun ba a je ko'ina ba ya fara haki yana share gumi da hula.

A tsakiyar hanya ɗan jagora ya tsayar da mu bakin wata rijiya. Ya ce a nan ake tilasta wa bayi shan ruwa, kuma an yi wa ruwan asiri, duk wanda ya sha sai ya manta garinsu da iyayensa. Na leƙa. Mu a Daura rijiyar Kusugu ake kai baƙo don a tuna masa asalin Hausa, ga wata kuma an haƙa don a raba mutum da nasa asalin.

Kawu ya gyara tsayuwa ya ce, "Tambaye shi, su wa aka bi da su ta nan?"

Ɗan jagoran ya lissafo Yarabawa da Egun da mutanen Dahomey, sannan ya dube mu ya ƙara da cewa har da namu. Gaskiya ya faɗa. An kai Hausawa da yawa Bahia ta ƙasar Barazil ta gaɓar nan ta su Ikko da Badagry da Wida, wadda ke Jamhuriyar Benin ta yau. A 1807 aka bankaɗo shirin tawayen bayi Hausawa a can, a watan Janairun 1835 kuma, cikin azumi, bayi Musulmi suka yi bore a birnin Salvador, aka samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Wato dai ba kowa ruwan rijiyar ya ci ba.

Abin da bai gamshe ni ba shi ne yadda ɗan jagoran ke ta ɗora komai a kan Turawa. Su suka kawo jiragen, haka ne. To amma wa ya kamo mutanen, wa ya kora su tun daga Arewa ta ƙasar Nufe da Oyo har bakin teku? A Kasuwar Kurmi ta Kano ma an sayar da mutum. Hanyar sananniya ce, don ta Badagry ɗin nan Bature Clapperton ya kama tafiya a Disamban 1825 har Sakkwato, wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma can ya mutu a 1827. Na faɗa wa Kawu haka a hankali. Bai ce uffan ba, carbinsa kawai ya ciro.

Tun kafin mu ga tekun muka fara jin rugugin sa. Da muka hau ɗan tudun ƙarshe sai ga shi, ruwa iya ganinka, igiya tana dukan gaɓa da ƙarfin da ban taɓa zato ba. A nan aka gina alamar wurin da ake cewa in an kai ka, ba dawowa. Samari suna ta ɗaukar hoto suna dariya. Kawu ya ce in zuba masa ruwa a buta, muka yi La'asar a kan rairayi, ya daɗe yana addu'a ga Musulmin da aka fitar ta nan ba wanda ya san kabarinsu.

Direban jirgi ya aiko yaro a guje, wai mu hanzarta, ba a son tafiyar dare a ruwan Legas. Komawar ta fi zuwan wuya, don ƙafata ta riga ta yi bororo. Muna shiga jirgi wayar Kawu ta yi ƙara, daga Daura. Ya saurara, fuskarsa ta canja, ya dube ni ya ce, "Gobe da asuba za ka bi motar Arewa. Babanka na nemanka, kuma maganar aure ce."

Yadda muka kwashe da Baba, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.