Wankin tanki ba zuba kulorin ba ne kawai

Sana'armu ita ce wanke tankunan ruwa da gyaran famfo a rukunin gidajen da gwamnati ke gina wa jama'a. A irin waɗannan gidaje, ruwa kan fara sauka ne a tankin ƙasa, inji ya tura shi tankin saman bene, sannan ya gangaro ta bututu zuwa ɗaruruwan kawunan famfo. Hukumar ruwa na iya turo ruwa mai kyau ya lalace tsakanin ƙofar rukunin da kicin ɗin mai gida. A nan aikinmu yake.

Duk wata shida ya kamata a wanke tanki. Mukan sanar da mazauna tun da wuri su tanadi ruwa, mu rufe bawul ɗin shiga da na fita, mu kashe inji. Idan an zubar da ruwan za ka ga abin da ya kwanta a gindi: laka mai santsi, ɓarɓashin tsatsa, wani lokaci har da gashin tsuntsu. Da injin tsotsa ake kwashe ta. Duk wanda ya kora ta ta bututun da ke kai ruwa gidaje, ya raba wa mutane dattin ne kawai. Bango da rufi da kusurwa ana goge su da buroshi mai tauri da ruwa zalla, ban da sabulu, domin ƙamshinsa kan daɗe a ruwa. Shafa bangon da yatsa: in akwai sauran santsi, da sauran aiki, don a cikin wannan santsin ƙwayoyin cuta ke fakewa, kulorin kuma bai cika ratsa shi ba.

Sai an gama wannan ake maganar kulorin. Mukan cika tankin da ruwa, mu kai ƙarfin kulorin miligiram 50 a kowace lita. Idan garin kulorin mai ƙarfin kashi 65 cikin ɗari ne, kimanin giram 77 ke nan ga lita 1,000. A bokiti ake damawa, a bari farin garin ya kwanta, a tsiyaye na saman a zuba. Ruwan ya tsaya a tankin aƙalla awa ɗaya a sake aunawa, in kulorin ya faɗi ƙasa da miligiram 30 to akwai dattin da ya cinye shi, a maimaita. Daga nan a zubar, a ɗauraye, a cika da sabon ruwa. Ma'aikaci ba ya shiga tanki shi kaɗai, dole wani ya tsaya a baki, kuma ba a taɓa haɗa kulorin da asid, iskar da ke tashi tana kisa.

Abin da ke ci mana tuwo a ƙwarya shi ne masu aikin araha. Su zo da jarkar bilic, su tuttula a tankin da ba a kwashe lakarsa ba, ruwa ya yi wari kwana biyu, shugabannin rukuni su ce an yi aiki. Tambaye su nawa suka zuba a lita nawa, ba amsa, ko abin awo ba su riƙe ba. Alhali ma'aunin a bayyane yake. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ragowar kulorin kada ya gaza miligiram 0.2 a lita a inda ake ɗiban ruwa, kuma kada a samu ƙwayar E. coli, wadda ke nuna bahaya ya gurɓata ruwa, ko ɗaya a mililita 100. Shi ya sa muke auna famfon da ya fi nisa da tanki, mu kuma kai samfur ɗakin gwaji a kwalba mai tsabta cikin ƙanƙara. Ruwa ya yi garau a ido ba hujja ba ce.

Bayan wanki akwai dubawa. Murfi ya rufu ruf, don haske na haifar da gansakuka. Bututun ambaliya da na shan iska su kasance da raga saboda sauro da ɓera. Reshen bututun da aka toshe bakinsa aka manta, mukan yanke shi daga tushe, domin ruwa na kwana a ciki ya ruɓe. Tankin da ya fi ƙarfin buƙatar gida shi ma matsala ne: ruwa ya daɗe, kulorin ya gudu, in ya yi ɗumi tsakanin digiri 25 zuwa 45 ƙwayar Legionella mai haddasa ciwon huhu ta samu wurin yaɗuwa. Kayan haɗi ma ba abin wasa ba ne. A 2015 an gano dalma fiye da kima a ruwan gidajen gwamnati na Hong Kong, sanadin kuwa dalmar da aka like mahaɗar bututu da ita. Iyakar dalmar da aka yarda da ita a ruwan sha maikirogiram 10 ce a lita. Don haka dillalin da ya kawo mana kayan haɗi marasa shaidar inganci, da kayansa yake komawa.

Tattalin ruwa kuwa daga mita yake farawa. Karanta babbar mita da ƙarfe 2 na dare, ka sake karantawa da ƙarfe 4. In ta yi tafiya sosai alhali kowa na barci, akwai yoyo. Galibi bawul mai ƙwallo ne, wanda ke tsayar da ruwa in tankin sama ya cika, ya ƙi rufewa, ruwa na kwarara ta bututun ambaliya ba wanda ya gani. Sai tankin masai: ɗiga kala a ciki, ka jira minti 15 ba tare da an ja ba, in kalar ta bayyana a kwano robar ta mutu. Kan famfon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa yana zubar da fiye da lita 11,000 a shekara, maganinsa 'yar roba guda. Inda tsohon tankin masai ke cin lita 9 ko fiye, mukan sa mai maɓalli biyu, na lita 6 da na 3.

Yoyon ƙarƙashin ƙasa ne ya fi tayar mana da hankali. Ramin da ruwa ke fita lokacin da akwai matsi, ta nan ƙazanta ke shiga idan an ɗauke ruwa, musamman in bututun ya bi kusa da magudana. Saboda haka duk inda muka yi faci, sai mun kora ruwa mai kulorin a wannan reshen mun auna kafin mu buɗe wa gidaje, mu rubuta rana da sakamakon awon a littafin da ke ɗakin inji.