Tozali ta yi kashi da asubar yau

'Yan uwa masu koyon kiwon zomo, ƙarfe 4 da 'yan mintoci na asubar yau Juma'a na haska fitilar waya ƙarƙashin kejin zomanyata Tozali, na ga ƙwayoyin kashi guda bakwai. Ƙanana ne, busassu, baƙaƙe ƙirin, biyu daga ciki gashi ya sarƙe su kamar carbi. Na tsuguna na ƙirga su har sau biyu, sannan na je na tashi maman yara ta zo ta gani. Alhamdu lillahi. Kwana biyu cur ina jiran waɗannan ƙwayoyin.

Ranar Laraba da safe abin ya fara. Zomanyar da in ta ji motsin ƙofa take miƙewa da ƙafafun baya, sai na tarar da ita a takure a kusurwa, ido rabi a rufe, tana cizon haƙora ƙas-ƙas. Abincin jiya yana nan yadda na zuba, farantin ƙarƙashin keji kuma fes, ko ƙwaya ɗaya babu. Na ce zafi ne. Ƙarshen watan Maris a Kaduna, ga ba wuta, kowa ma a galabaice yake. Na jiƙa buhu na shimfiɗa a saman keji na tafi aiki. Wannan wunin da na ɓatar shi ya fi komai yi mini ciwo, domin na sha jin cewa zomon da ya kai awa 12 bai ci ba bai yi kashi ba, ba a jira da shi. Na sani, amma na zaɓi bayanin da ya fi mini sauƙi.

Da la'asar na dawo, kunnuwanta sun yi sanyi a cikin wannan zafin. Maƙwabcina, da kyakkyawar niyya, ya kawo kafso na Ampiclox ya ce in fasa mata a ruwa, haka yake yi wa kajinsa. Allah ya taimake ni ban ba ta ba. Daga baya likita ya tabbatar mini cewa dangin fenisilin, irin su Ampiclox ɗin nan, in aka ba zomo ta baki suna kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke hanjinsa, gudawa ta biyo baya, sau da yawa ita ke ƙarasa shi. Don Allah ku riƙe wannan.

Shagon maganin dabbobi na farko da na je, cewa suka yi su kaji da tumaki suka sani. A wuri na biyu na dace. Likitan ya auna ta, kilo 2.1, zafin jiki 37.6, alhali na lafiyayyen zomo yana tsakanin 38.5 da 40. Ya daɗe yana lallatsa cikinta. Ya ce da ya ji shi tamau kamar ganga, da zancen toshewa ake yi, kuma a wannan halin ɗura abinci halaka ne. Nata da laushi kamar kwaɓin fulawa, wato hanjin ne ya tsaya da aiki. Sai ya dube ni ya ce, "Malam, me take ci?"

Na faɗi gaskiya. Tun da harawa ta yi tsada a ƙarshen ranin nan, sati uku ke nan dusa nake ba ta da abincin kaji, yara kuma suna jefa mata ɓawon burodi. Tana cinyewa tas, har na ga ta yi kumari ina jin daɗi. Ya ce ai hanjin zomo busasshiyar ciyawa ce ke tura shi, ga ta tana zubar da gashi tana lashewa, zomo kuma ba ya amai, duk abin da ya shiga sai dai ya fita ta baya. Ya yi mata ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fatar wuya, ya yi allurar rage ciwo, meloksikam, ya ba ni wanda zan riƙa ba ta ta baki na kwana uku. Naira 12,000, ban da kuɗin keke zuwa da dawowa. Ya fi abin da na saye ta, kuma ƙarshen wata ne. Na ji shi a jikina.

Ɗurar ita ce ta kusa karya mini zuciya. Aka ce in daka ganyen harawa da ƙwayar abincin zomo, in jiƙa da ruwan ɗumi, in ba ta mil 10 zuwa 15 duk bayan awa huɗu. A baki da sauƙi. Na farko sirinjin mil 10 ya toshe, na danna da ƙarfi, kunun ya fantsama a bango. Na ƙara ruwa ya tsinke, sai ya zama ruwa zalla take samu, dakakken ganyen ya tsaya a bakin sirinji. Na tace da rariya, sai na ga abin da nake so ya shiga cikinta shi ne ya rage a rariyar. Wajen ƙarfe 11 na dare, ga gumi ga sauro, na zauna a ƙasa na rasa yadda zan yi.

Maman yara ce ta ce in bar dakan nan mata. Ta shanya ganyen a kasko mai ɗumi ya yi rumus, ta daka shi ya zama gari kamar kuka, ba a tace ba. Ni kuma na ɗauko ƙaramin sirinji na mil 1 na yanke kansa da reza, na goge bakin da wuta don kada ya yanke ta. Toshewa ta ƙare. Sai wata ta taso: Tozali ta riƙe kunun a baki, ta ƙi haɗiyewa, yana dalala ta haɓarta. Na kusa kwantar da ita rigingine don ya gangara, na tuna likita ya ja mini kunne cewa haka yake shiga huhu. Abin da ya yi aiki a ƙarshe shi ne na naɗe ta da tsohon zane, ƙafafunta huɗu a kan tabarma, bayanta a tsakanin gwiwoyina, in zura sirinjin ta gefen baki, ta gurbin nan da ke bayan haƙoran gaba, in danna rabin mil in cire, in jira sai na ga bakin yana motsi. Mil 10 yana cin minti arba'in. Bayan kowace ɗura in shafa mata ciki a hankali, in sake ta a tsakar gida ta ɗan taka, ko da taku uku ne.

Wunin Alhamis haka muka yi shi, babu kashi. Na koma aka ƙara mata ruwa, wata Naira 3,000. A hanyar dawowa na tsaya wajen masu kayan miya na roƙi ganyen karas da suke zubarwa. Da magariba na kaɗa mata reshe ɗaya a hanci, ta kawar da kai, na sake, ta fusata ta cije shi. Sai kawai ta ci gaba da tauna. Ƙaramar 'yata da ta raɗa mata sunan nan saboda baƙin da ya zagaye idonta, ta rufe baki da hannu don kada ihunta ya firgita ta.

Yanzu da nake rubutu ƙwayoyin sun haura talatin, har yanzu ba su kai girman da ba. Ɗura na rage zuwa sau uku, dusa na ɗauke gaba ɗaya, burodi kuma an kafa wa yara doka. Na sayo ƙullin harawar gyaɗa biyu a Zangon Tudun Wada da tsadarta, na rataye a rumfa. Namijin da ke ɗaya kejin shi ma irin abincin nan ya ci sati uku, don haka shi nake sauya wa abinci a hankali yanzu. Gobe Asabar zan mayar da Tozali a duba mata turamen haƙora, domin na lura gefe ɗaya take tauna.