Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Littafin da Gara ta Cinye

A makon jiya na tsaya a daren da Kawu ya kira ni daga Tawa, ina ɗakin da nake haya a unguwar Harobanda ta Yamai, ƙetaren gadar Kennedy. Shi ne magatakardan ƙungiyar manoman albasa ta garinmu. Gara ta shiga akwatinsa ta cinye rabin littafin lissafi, ga rigima ta tashi kan buhu nawa kowa ya zuba a rudu, nawa kuma aka loda wa motocin Akra da Abijan.

Ya ce, "Ɗana, ba kai ka karanta kwamfuta ba? Ka yi mana abin da gara ba za ta ci ba."

Na ce, "Kawu, ku ba ni wata biyu." Na kashe waya gabana yana faɗuwa, don ban taɓa yi wa kowa aikin da haƙƙin mutane ke rataye a kansa ba.

Mai gina manhajar intanet ba ya fara komai daga ƙasa. Yakan ɗauki abin da muke kira firamwok, wato kamar gidan da aka riga aka zuba wa harsashi aka kafa ginshiƙai, kai sai ka yanka ɗakuna yadda kake so. Idan ka zaɓa, ka ɗaure kanka na shekaru.

A fadarmu, wajen shayi, wani abokina ya dage sai React, wanda Facebook ya saki a 2013. Ya ce duk tallan aikin da ke fitowa daga Turai shi ake nema. Na gwada. Kafin in rubuta layi goma, saukar da kayan haɗinsa ya cinye mini intanet na jika biyu, kuran kuma ya yanke ana tsakiya. Sai na tuna wayar Kawu mai tsagaggen gilashi, da yadda yake hawa tudu kafin saƙo ya tafi. Irin shafin da zan gina da React sai waya ta sauke tarin rubutun JavaScript, harshen da React ke aiki da shi, tukuna kafin ta nuna komai. Na ajiye shi.

Saura biyu, kuma a nan zuciyata ta rabu.

Django nake so, har yau ma ina son sa. Da harshen Python aka rubuta shi, a ofishin wata jarida ta garin Lawrence a jihar Kansas ta Amurka, aka sake shi ga kowa a 2005. 'Yan jarida mutane ne masu gaggawa, kuma gaggawar tana nan cikin jininsa: ka faɗa masa cewa akwai manomi, akwai buhu, akwai mota, shi kuma ya miƙo maka shafin shigar da bayanai a shirye, har da wurin kalmar sirri. A dare ɗaya na ga sunayen ƙauyukan Adar jere a allon kwamfutata. Wallahi sai da na tashi na zagaya ɗakin don murna.

Laravel kuwa na harshen PHP ne, Taylor Otwell ya fitar da shi a 2011, kuma ya aro sassa da dama daga wani firamwok mai suna Symfony, wanda Fabien Potencier ya kafa a Faransa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu, don darussan PHP da Faransanci sun cika intanet. Masaukin shafi mai araha ma kusan duk PHP yake ɗauka kai tsaye, alhali Django yakan so a kama masa sabar tasa, wato kwamfutar da shafin zai zauna a kai, a riƙa kula da ita kamar maraƙi. Ƙungiyar da ke tara kuɗinta buhu-buhu ba za ta ɗauki wannan nauyin ba.

Duk da haka ban yanke ba sai da 'yar Kawu ta kira ni. Tana karatu a Tawa, kuma ita ce ke duba wa babanta saƙonni.

Ta ce, "Yaya, in ka samu aiki ka tafi, wa zai gyara mana in ya lalace?"

Na tambaye ta me ta iya. Ta ce PHP, kaɗan-kaɗan.

Na daɗe ban yi magana ba. Ni ina Yamai, tafiyar yini guda a mota, ita kuwa tana tsakar gidan da littafin yake. Daren nan na rufe aikin Django, ban goge shi ba don na kasa, na buɗe sabon Laravel. Abin da na samu a dare ɗaya ya ci mini kwana tara. Kowane shafi na yi shi mara nauyi, ba hoto, ba ado, kuma kowace Juma'a ina tura mata abin da na rubuta tana karantawa tana tambaya.

Ranar da na gama, na hau motar asuba, muka bi Dosso, Dogon Dutsi da Ƙonni, na isa Tawa bayan la'asar. Kawu ya karɓi wayar, ya ga sunansa da buhunansa, ya yi shiru. Can ya ɗago ya ce, "To ɗana, a garka inda babu rezo fa, yaya za mu rubuta?"

Ban tanadi amsar ba. Yadda muka yi da wannan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.