Watannin da na kasa yin addu'a

Shekara biyu ke nan da likita ya ja ni gefe ya ce ƙodar matata duka biyun sun gaza, sai dai a fara wankin ƙoda. Sau uku a mako, kowane zama kusan awa 4, ina zaune ina kallon jininta yana bin wani siririn tiyo ya shiga inji ya dawo jikinta. Ni da nake koyar da matasa Littafi Mai Tsarki a coci, nake ce wa mutane "ku dogara ga Ubangiji" baki cike, sai ga ni in na durƙusa zan yi addu'a babu abin da ke fitowa, sai dai in yi tagumi har barci ya ɗauke ni.

Rashin sanin gobe ya fi komai cin raina. Yau gwaji ya yi kyau mu yi ta murna, jibi ƙafafunta sun kumbura, jini ya hau, mu koma gidan jiya. Ana cikin haka wani ɗan'uwa ya zo dubiya, da zai tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗan'uwa, ka binciki kanka fa, ko akwai zunubin da ba ku furta ba." Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma gaskiya sai da na ji kamar ya watsa min ruwan zafi.

A daren nan na buɗe littafin Ayuba don haushi, ba don ibada ba. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, kwana 7 suka yi zaune a ƙasa tare da shi ba wanda ya ce uffan, kuma a ganina nan ne kawai suka yi daidai, don suna buɗe baki suka shiga nemo masa laifi. To abin da ya girgiza ni yana sura ta 42: da su Allah ya yi fushi, ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba yadda bawansa Ayuba ya yi. Ayuban da ya la'anci ranar haihuwarsa a sura ta 3 fa! Kuma har littafin ya ƙare Allah bai gaya masa dalilin wahalarsa ba.

Daga nan na daina yi wa Allah kara. Tunda ba ni da kalmomi sai na ari na Zabura, in karanta ta 13 a hankali, wadda ke ta tambayar har yaushe, har sau huɗu. Ta 88 kuwa ita ta zama tawa, don ita ba ta juyawa ta koma yabo a ƙarshe kamar yawancin sauran, cikin duhu ta ƙare, kuma duk da haka an bar ta a cikin Littafin. Ashe akwai wurin zama ga irina. Shi kansa Yesu a kan gicciye da farkon Zabura 22 ya yi kuka, yana tambayar Allah don me ya yashe shi.

Matata ce ta ƙarasa min karatun. Wata rana tana kwance allura biyu a hannunta ta ce, "Baban yara, ka daina yi min murmushin dole, na san ka gaji." Sai ta tuna min da Shadrak da Meshak da Abednego a Daniyel 3, yadda suka gaya wa sarki Nebukadnezzar cewa Allahnsu yana iya cetonsu daga tanderun wuta, amma ko da bai cece su ba, ba za su yi wa gunkinsa sujada ba. Ta ce ita a kan wannan "ko da" ɗin take tsaye. Kuka na yi a gaban nas, ko kunya ban ji ba.

Har yau ina roƙon warkarwa, manzo Bulus sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ni na daina ƙirga nawa. Na kuma koyi karɓar taimako, abin da da girman kai ke hana ni, yanzu in 'yan ikkilisiya suka ce za su kwana da yara ba na cewa a'a. In na je dubiya kuma zama kawai nake yi, ba na wa'azi.

Gobe da asuba muna da wanki. Na riga na haɗa jaka, bargonta da katin asibiti da ƙaramin Littafin nan da shafin Zabura 88 ya yi baƙi da yatsana.