Harafi ɗaya cikin biliyan uku

Ciwon sikila kacokan ya rataya ne a kan harafi ɗaya. A ƙwayar halittar da ke sarrafa sinadarin jan jini, inda ya kamata a sami haruffan DNA na GAG sai a tarar da GTG, shi ke nan. Haruffan DNA na ɗan Adam kuwa sun kai wajen biliyan 3. To ta yaya ake gane ɗaya tilo da ya sauya? Wannan tambaya ce ta ja ni ga wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi masu ƙyalli da ake kira ɗigon kwantom, kuma har yau ban gaji da su ba.

Girmansu daga nanomita 2 ne zuwa 10, alhali sai an raba milimita gida miliyan kafin a sami nanomita guda. Ba rini ke ba su launi ba, girmansu ne. Sinadari iri ɗaya, galibi haɗin kadmiyam da seleniyam, amma in an haska shi ƙaramin ɗigo ya karkata zuwa shuɗi, babba ya yi ja. Alexei Ekimov ya ga haka cikin gilashi a Tarayyar Sobiyet a farkon shekarun 1980, Louis Brus ya gani cikin ruwa a Amurka, sannan a 1993 Moungi Bawendi ya samo hanyar haɗa su da girma bai-ɗaya. Su ukun suka raba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2023.

Aikin da na fi so shi ne wanda Tza-Huei Wang da abokan aikinsa suka fitar a 2005 daga Jami'ar Johns Hopkins. Ana ƙera gajerun zaren DNA guda biyu da za su manne daidai wurin da ake zargi. Ɗaya na ɗauke da ƙugiyar da za ta maƙale a jikin ɗigon, ɗayan na ɗauke da rini mai ƙyalli. Sai a zuba wani sinadari mai ɗinke zaren DNA, wanda ba ya ɗinki sai haruffan bakin gaɓar sun dace tsaf, kamar tela mai tsantseni da ba ya haɗa yadi in bakin bai zo daidai ba. In sauyin na nan, zaren biyu su zama ɗaya, rinin ya matso dab da ɗigon. Ana haska ɗigon sai ya miƙa wa rinin ƙarfinsa, rinin ya kama da nasa launin. Wannan miƙawa ba ta yiwuwa in tazarar ta wuce kamar nanomita 10, don haka rinin da ke yawo shi kaɗai a ruwan ba ya cewa uffan. Da wannan dabara suka gano sauyin harafi ɗaya a ƙwayar halitta mai suna KRAS daga ƙari, wato tsiron da ke fitowa a mahaifar ƙwai ta mata.

Ina ganin mutane na yawan ruɗuwa da kyan hasken. Hasken mai shela ne kawai, hukuncin yana hannun mai ɗinkin nan. In ya yi kuskure sau ɗaya ya haɗa abin da bai dace ba, ɗigon zai haska da ƙarfinsa, a gaya wa lafiyayye yana da abin da ba shi da shi. Abin ya fi tsanani a gwajin jini na masu ciwon daji, inda ɓurɓushin DNA na ƙarin ke ɓoye cikin tarin lafiyayye.

Kadmiyam guba ne, gaskiya, amma tunda a kwalbar gwaji ake aikin ba a jikin mutum ba, damuwata ta fi karkata ga yadda ake zubar da shi bayan an gama. Shi ya sa nake bibiyar masu gwada ɗigon kabon da na indiyam, waɗanda ba su da kadmiyam. A yanzu dai asibitoci na dogara ne da PCR, dabarar kwafar DNA ya ninku sau da yawa, da karanta jerin haruffan DNA kai tsaye, kuma ɗigon kwantom sai ya nuna daidaito irin nasu a kan marasa lafiya masu yawa kafin likita ya rubuta magani da sakamakonsa.